Idon Kifi da Makullin Baba

Gyaɗi-Gyaɗi, Kano
21 ga Fabrairu, 1999

Zuwa ga Yaya Abdulmalik,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya sanyi, ya karatu, ya zaman baƙunta? Inna tana zaune kusa da ni tana tsince shinkafa. Ta ce, “Ki ce wa wancan kowa lafiya, ya kwantar da hankalinsa ya yi abin da ya kai shi.” Ta ce kuma kada ka ci naman da ba ka san yankansa ba. Na ce mata ai mun rubuta wannan bara, ta ce in sake, tawada ba ta ƙare ba. Baba kuwa, ka san shi da kai, da ya ji an ambaci Japan sai da ya rage muryar rediyo.

Gari ya cika da fastocin 'yan takara. Har a jikin bas ɗin Baba aka manna wani, ya ɓamɓare, washegari aka manna na abokin hamayyarsa. Ana ta cewa a watan Mayu sojoji za su koma bariki. Malam Lawan, abokin Baban nan na tasha, ya ce shi sai ya ga an ɗauke shingen hanyar Zariya da idonsa tukuna. Mai kuwa har yanzu sai an yi layi.

Yaya, don Allah me kake yi da kifi? Rannan Malam Lawan yana zaure yana cin tuwo ya ce wai an tura ka bangon duniya koyon su, alhali ga Wudil nan kusa. Aka yi ta dariya. Na ji haushi ƙwarai, amma ka san ni, ajiye ruwan wanke hannu na yi na shige ciki. Ka faɗa min yadda zan gane, ko a zuciyata ne in riƙa ba shi amsa.

Inna ta tashi duba tukunya, bari in rubuta wannan da sauri. Ina jin Baba fushi yake da ni. Tun bayan ƙaramar Sallah fuskarsa ba ta motsi. Ko abin dariya na faɗa sai ya dube ni kawai. Ina zargin ya ga littafin da na hayo, don na manta shi a kan tabarma, kuma bangonsa akwai hoton zuciya da kibiya. Idan ya dawo cin abincin rana ya shigo zaure, sai ya tsaya cak, hannunsa a bango, ya daɗe. Ina tsugune a gabansa ina gaishe shi kamar bai gan ni ba. Sai can ya ce, “Uwata, ke ce?” A littattafai idan uba ya yi haka, to ya jiyo wani labari ne a kan 'yarsa. Ni kuwa wallahi babu wanda ya taɓa tsayar da ni, ko a hanyar Islamiyya. Shayinsa ma yanzu rabin kofi nake zuba masa, don cikakke zubewa yake a hannunsa, shi kuma ba ya son a gani.

Me zan yi ya huce? In daina karatun littattafan? Zan iya, amma ban san abin da zan riƙa yi da la'asar ba.

Ƙanwarka,
Uwani


Nagoya, Japan
14 ga Maris, 1999

Uwani,

Wa alaikumus salam. Wasiƙarki ta iso. Na karanta ta a tsaye, na sake karantawa a jirgin ƙasa. Ina lafiya, sai gajiya. Ki gaida Inna, ki ce mata kifi da ƙwai nake ci, babu ruwana da yankan kowa. Ki gaida Baba. Ki gaida maƙwabciyarmu Maman Joshua, ki yi mata godiyar aron akwatin gidan wayarsu.

Ki gaya wa Malam Lawan, ko a zuciyar taki, ban taɓa jefa ƙugiya ba. Idon kifi nake nazari. A can bayan ido akwai wani siririn tantani inda haske yake sauka. A jikinsa akwai ƙananan ƙwayoyi iri biyu, masu aikin rana da masu aikin duhu. A idon kifin da nake aiki da shi, wani mai kama da karfasa, waɗannan ƙwayoyin tafiya suke yi. Idan haske ya zo, na rana su matso gaba, na duhu su ja da baya su lulluɓa da wani baƙin launi kamar an ja musu labule. Idan duhu ya yi, su yi musanya. Abin da yake sanar da su lokacin musanyar wani sinadari ne da idon yake fitarwa da kansa, sunansa dofamin. Haske ya shigo, dofamin ya ƙaru, ido ya san gari ya waye. Idan na hana dofamin aiki na kunna fitila, kifin yana cikin haske amma idonsa ya yi ta jan ƙafa a shirin dare.

Aikina ke nan. In wuni a ɗaki mai duhu da wata 'yar jar fitila, ni da kifaye, in fito da yamma idona yana ruwa. Shekara ta uku ke nan. Wani lokaci ni ma nakan tambayi kaina abin da Malam Lawan yake tambaya.

Mu mutane ƙwayoyin idonmu ba sa tafiya irin na kifi, amma muna da dofamin a ido, muna da shi a ƙwaƙwalwa. Har ana cewa yana cikin abin da yake motsawa idan zuciya ta ga abin da take so. Kin ga marubutan littattafanki sun riga ni wannan fagen, su dai ba sa komawa gida da ƙarni a riga.

Baba ba fushi yake da ke ba. Bai taɓa iyawa ba. Amma ki amsa min waɗannan, ki lura sosai kafin ki amsa. Wane hannu ne yake rawa? Yana rawa idan ya ajiye shi, ko sai ya ɗauki abu? Tafiyarsa ta canja? Idan ya fito daga zaure zuwa rana ma yana tsayawa? Har yaushe yake kaiwa a kan hanya?

Yayanki,
Abdulmalik


Gyaɗi-Gyaɗi, Kano
11 ga Afrilu, 1999

Yaya,

Assalamu alaikum. Barka da Sallah, ko da yake ta wuce. Ya karatu? Mu nan zafi ne kamar a tanda, wuta kuma sai ta ga dama. Inna na gaishe ka.

Yaya, ka jawo min. Inna ta sa na karanta mata wasiƙarka daga farko har ƙarshe. Na so in tsallake tambayoyin, amma ka san muryata rawa take idan zan ɓoye abu. Ta ce, “Ci gaba, ai ban ga kin kai ƙasan takardar ba.” Da na gama ta yi min faɗan da ba ta taɓa yi min ba. “Wa ya aike ki? Mutum yana can cikin sanyi shi kaɗai, ki ɗauki wannan ki ɗora masa? Gidan wa kika ga ana rubuta wa matafiyi ciwo?” Na yi kuka har kaina ya yi ciwo.

Washegari sai ta miƙo min kwando ta ce in je kasuwar Tarauni in sayo kawunan kifi, in zaɓo masu manyan ido. Ta ce tunda wancan ya ce abin yana cikin idon kifi, me za a jira? Na ce mata ina jin ba haka kake nufi ba. Ta ce ni da ita wa ya haife ka. To yanzu kullum farfesun kan kifi muke yi. Gidan nan ƙarni, mayafina ƙarni, magen unguwa duk sun tare a bakin magudanarmu. Baba yana cinyewa har ya tsotse idon, bai san dalili ba. Rannan ya ce wa Inna, “Hasana, ko kin haɗa dangi da Sarkawa ne ban sani ba?” Wasa yake yi, amma fuskar tana nan yadda take, sai da Inna ta yi dariya na gane.

Ga amsoshinka. Na dama ne. Idan ya ɗora shi a gwiwa, babban yatsa ya yi ta murza manuni kamar yana jan carbi, ba carbin. Idan ya kama sitiyari sai ya lafa. Shi ya sa da Inna ta yi masa magana ya ce hannun ya san aikinsa, zama ne ba ya so. Tafiya kuwa, yanzu da jan silifas nake gane tahowarsa, kuma takun ya zama ƙanana. Idan ya fito rana ma yana tsayawa, ya yi ta ƙifta ido. Yana kaiwa bayan magariba a hanya, don layin mai yana cinye masa safiya.

Na yi ta tunanin ɗakinka mai jar fitila. A raina na ga kamar ruwa ne ko'ina, kifaye suna wucewa ta gabanka a hankali, wata kuma tana tsaye a bakin ƙofa da kofin shayi tana jin kunyar shigowa. Akwai ta? Ba zan gaya wa Inna ba, in dai ba ta sa na karanta ba. A littafin da na hayo jiya ma wani ne ya tafi karatu waje, amma shi kullum yana gefen tafki yana tunani, ban ga inda ya buɗe littafi ba.

Kifin zai taimaka ko kaɗan?

Ƙanwarka,
Uwani


Nagoya
2 ga Mayu, 1999

Uwani,

Salam. Ina lafiya. Wannan ke kaɗai za ki karanta.

Kifi ba zai yi masa komai ba. Abin da ke idon kifi ba ya bi ta ciki ya isa idon mutum. Ku daina wahalar da kanku.

Ni ba likitan mutane ba ne, ina iya yin kuskure. Amma hannun, da fuskar, da tafiyar, duk suna kama da wani ciwo da ake kira Fakinsin. Dofamin ne yake ƙaranci a ƙwaƙwalwa, jiki ya yi nauyi, ƙafa ta yi jinkirin amsa umarni. A wasu masu ciwon har na cikin ido yana raguwa, sai abu mai duhu a cikin inuwa ya gagare su rarrabewa. Akwai maganin da yake sassautawa. Ki roƙi Maman Joshua, tunda nas ce, ta sama masa ganin likita.

Amma kafin likita, dole Baba ya sauka daga mota. Mutum goma sha wani abu yake ɗauka, a titi mai cike da 'yan acaɓa da yara. Ido ya makara, ƙafa ta makara.

Ni ba zan iya gaya masa ba. Ni ɗan fari ne, ko sunana bai taɓa kamawa ba, ko ina gida ta bakin Inna yake min magana. Idan na rubuto masa cewa ya ajiye sana'arsa, zai ninke takardar, gobe ya fita da wuri don kada a ce ɗa ya zaunar da shi. Inna kuma ta gwada kin ji amsar da ta samu. Ke ce aka sa wa sunan mahaifiyarsa. Ke kaɗai ce tun kina ƙarama kike ce masa “ɗana, zo nan” ya zo yana dariya. Bai taɓa ce miki a'a ba. Ki yi masa magana da wannan bakin.

Kuma don Allah ki ajiye littattafan nan ki buɗe ido. Babu wata a bakin ƙofa. Wata uku kina kallon mutum ba ya gani kina cewa fushi yake.

Abdulmalik


Gyaɗi-Gyaɗi, Kano
23 ga Mayu, 1999

Zuwa ga Yaya Abdulmalik,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kamar yadda muke. Inna lafiya. Baba lafiya, yana fita aiki. Maman Joshua da yaranta lafiya. An yi yayyafi sau ɗaya. Ran Asabar mai zuwa za a rantsar da farar hula.

Wasiƙarka ta zo, na gode. Na mayar da littattafan mutane. Ba zan ƙara damun ka da shirme ba.

Inna ta ce ka yi ta addu'a.

Wassalam,
Uwani


Nagoya
13 ga Yuni, 1999

Uwani, ƙanwata,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya Inna, ya jikin Baba? Na gaskiya nake tambaya.

Na karanta 'yar takardarki na rasa inda zan sa kaina. Ki yafe min. Ranar da na rubuta miki waccan, aikin wata biyu ne ya lalace min, wani ya buɗe ƙofar ɗakin duhu bisa kuskure haske ya shiga wa kifayen. Na dawo na tarar da wasiƙarki, tsoro ya kama ni, na sauke a kanki. Ba da ke nake ba. Da kaina nake. Shekara uku ina leƙa idon kifi, idon mahaifina kuwa sai da yarinya 'yar shekara sha shida ta kwatanta min shi a takarda. Da ba ki lura da hannunsa a bango ba, da rabin kofin nan, da har yau ban san komai ba. Ke kika gani, duk gidan.

Ki koma ki karɓo littattafanki. Ki rubuto min shirmen, shi nake jira.

Na san abin da na ɗora miki ya yi nauyi. Ke da ko gaida baƙo sai kin ɓuya bayan labule. Idan ba za ki iya ba, ki gaya min, zan rubuta wa Malam Lawan, ko da yake na san shi zai fara cewa ai kowane direba idonsa yana gajiya. Amma kada ki sake rubuto min kowa lafiya. Kullum na ji an buga wayar ofis sai in zaci mummunan labari ne daga gida.

Yayanki,
Abdulmalik


Gyaɗi-Gyaɗi, Kano
11 ga Yuli, 1999

Yaya,

Wa alaikumus salam. Ya karatu, ya kifayenka? Allah ya mayar maka da abin da ya lalace. Damina ta kankama, layinmu ya zama taɓo. Inna lafiya, sai ciwon baya. Ni ma lafiya, gajiya ce kawai. Na yafe maka tuni. Wasiƙarka ta zo bayan komai ya riga ya faru, na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa.

Ranar da aka rantsar da farar hula Inna ta aike ni Tarauni sayen kifin nan, don ban iya gaya mata ka ce a daina ba. Zan dawo sai ga bas ɗin Baba, ya ce in shiga gaba. Gari ya cika, 'yan acaɓa suna ta ham da ganye a kai, fasinjoji suna musu a kan ko farar hula za su kawo mai. Rana tsaka, titi fari fat. Da muka zo wajen Babban Giji, inda itatuwan darbejiya suka rufe hanya, sai muka faɗa inuwa. Akwai wani mai kurar ruwa a gabanmu, da riga ruwan ƙasa, yana turawa a hankali. Tun daga nesa nake ganinsa. Na zaci Baba ma yana gani. Ban yi magana ba, Yaya, don ban taɓa gaya wa Baba yadda zai yi tuƙi ba. Sai da muka zo dab na yi ihu. Na ga ƙafarsa ta ɗaga, a hankali, kamar tana shawara.

Kurar muka daka. Jarkoki suka watse, ruwa har kan gilashi. Mutumin ya faɗi gefe, gwiwarsa da gwiwar hannunsa suka kurje, Allah ya tsare bai karye ba. Wata mata a baya tana ta salati. Wani ya ce, “Tsoho, barci kake?” Baba ya sauko yana ba da haƙuri, yana ta cewa, “Daga ina ya fito? Jama'a, daga ina ya fito?” Bai fito daga ko'ina ba. Yana nan tun farko.

A hanyar gida ya ce min, “Uwata, ba sai Innarki ta ji ba.” Na ce to.

Na yi kwanaki ina shirya magana. Na tsara ta da kyau, irin wadda 'yan mata suke yi a littafi, da hawaye da dalilai, har da bayanin dofamin. Kullum da safe ya ce, “Uwata, miƙo makulli,” in ciro daga ƙusa in miƙa masa da hannu biyu, in bar maganar sai gobe. In wuni a aji ban san abin da malami yake faɗa ba. Duk bas ɗin da ya taka birki a titi sai in leƙa ko nasa ne.

Ran wata Talata yana zaune a tabarma ya gama koko. Yaran Maman Joshua suka wuce ta ƙofarmu za su makaranta, ƙaramin yana ta tsalle a gefen titi. Ya ce in miƙo. Na ciro makullin, sai kawai na zauna a kan turmi na riƙe shi a cinyata. Ya sake cewa, “Uwata, rana tana yi.” Duk abin da na tsara ya gudu. Inna ta taɓa gaya min Kaka ba ta ce masa Isyaku, Ɗan'azumi take kiransa, kuma tun rasuwarta babu wanda ya ƙara kiransa haka. Shi ne ya fito daga bakina. Na ce, “Ɗan'azumi, idan ka ƙara tuƙa motar nan ban yafe ba.”

Ludayi ya faɗi daga hannun Inna. Ta ce, “Ke! Kin haukace?” Baba ya ɗaga mata hannu. Ya dube ni ya daɗe. Ban san me ke fuskarsa ba, ka san yanzu ba a sani. Ni dai na ƙara damƙe makullin. Na jira ya yi dariya kamar da, ya ce to Uwata na ji, ya karɓa ya fita. Ko ya mare ni, duk da bai taɓa ba. Bai yi ko ɗaya ba. Ya cire hularsa ya ajiye a gefe. Ya ce wa Inna, “Aika a kira min Lawan.”

Yanzu Malam Lawan ne yake fita da bas ɗin, suna raba abin da aka samu. Ba ya isa kamar da, mun koma dafa sau biyu, amma Inna ta daina sayen kifi, wannan ma sauƙi ne. Maman Joshua ta kai mu asibiti, ni na riƙe katin. Likita ya sa Baba ya yi tafiya, ya buɗe hannu ya rufe, ya ce ciwon da ka faɗa ne, ya rubuta ƙwayoyi. Idon kuma ya ce ba zai ɗora wa abu ɗaya ba, don akwai yanar ido da ta fara a na hagu, sai an tura mu wajen masu ido. Ya ce batun tuƙi a manta. Baba ya ce, “An riga ka, likita.” Maganin ya rage rawar hannun, tafiyar ma ta ɗan saki, sai dai yana sa shi tashin zuciya da safe.

Wuni yake a zaure da rediyo. Idan Malam Lawan ya tayar da motar ya wuce, sai ya karkata kai yana saurare har sautin ya ɓace, ya ce shi kaɗai, “Ya yi saurin sa giya.” Mutanen tasha sun zo gaishe shi da farko, yanzu sun ragu.

Kada ka rubuto kana yi min godiya, don Allah. Maman Joshua ta yi, Inna ma ta yi a fakaice, ta saya min ɗan kunne. Na san ba a kashe kowa ba. Na sani.

Amma Yaya, tun ranar Baba bai ƙara ce min Uwata ba. Sunana na yanka ba zai iya faɗa ba, na mahaifiyarsa ne. Don haka “ke” yake cewa. “Ke, kawo buta.” “Ke, rufe ƙofar nan.” Ba da tsawa ba, a hankali, kamar yana magana da 'yar maƙwabta. Ina kaiwa, ina rufewa. Da safe in tsuguna in gaishe shi, ya amsa lafiya lau, in ɗan ƙara daɗewa a tsugune ko zai ƙara wani abu, sai ya ce in tashi kada in makara.

Na gaya wa Maman Joshua, ta ce in daina damuwa, ciwon ne yake daskarar da fuska, ba fushi ba ne. Na yarda da ita a kan fuskar. Amma ciwon bai hana shi kiran Inna ba, bai hana shi kiran Malam Lawan ba. Kai da ka karanta abin nan, gaya min gaskiya, akwai inda yake cire suna ɗaya kawai daga bakin mutum?

Ana kiran la'asar, bari in kai masa ruwan alwala.

Ƙanwarka